BA DABBA CE TA ƘONE KADUNA BA

Ya ku 'yan makaranta, na gwamnati da na mishan, yau ƙara muka kawo gabanku, ku ne kuwa alƙalai. Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin waɗansu masu ilmi na garin nan, tun daga Kawo har Tudun Wada, a ɗakin malamai da majalisar bayan la'asar, har ta fara shiga bakinku. Maganar ita ce wai ɗan Adam dabba ne aka sa wa riga. Wai ladabi da kunya da tausayi duk shafe ne na sama, kamar farar ƙasa a jikin bango, ruwan fari ya sauka ya wanke, jar ƙasa ta fito. Wai da za a janye ɗan sanda da alƙali kwana uku, da kowa ya ci ɗan'uwansa ɗanye. In ka nemi hujja, sai su miƙo maka wani littafin Turanci da a ke karantawa a makarantu, sa'an nan su nuna garin Kaduna da yatsa su ce, "Ashe ba ka ji abin da aka yi a 2000 ba?"

Mu ba mu yarda ba. Muna cewa masu wannan zance littafin ba su karanta shi da kyau ba, garin kuma ba su yi masa adalci ba. Abin da ya sa muka tsaya a kansa, zancen yana da daɗi a kunne, mai yinsa sai a ɗauka ya ga duniya, alhali kuwa wanke hannun masu laifi kaɗai ya ke yi. In kowa dabba ne, to, babu wanda za a tambaya. Ga dalilanmu, ku auna.

LABARIN TSIBIRI

Sunan littafin Lord of the Flies, watau Sarkin Ƙudaje. Wani mutumin Ingila, William Golding, shi ya wallafa shi, aka buga a London cikin 1954. Malamin makaranta ne, yara maza ya ke koyarwa a garin Salisbury, ya kuma yi aikin sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, idonsa ya ga abin da ya gani. A 1983 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi.

Labarin a gajarce shi ne, ana cikin wani yaƙi aka ɗebi waɗansu 'yan makaranta na Ingila cikin jirgin sama, za a tserar da su, sai jirgin ya faɗi a wani tsibiri inda babu kowa. Manya duk suka halaka, sai yaran. Da fari suka yi abin kirki. Suka sami wata ƙatuwar katantanwar teku wadda a ke busawa kamar ƙaho, suka kira taro da ita, suka zaɓi wani yaro Ralf ya zama shugaba, suka kafa doka cewa wanda ke riƙe da katantanwar shi ke da magana. Suka hura wuta a kan dutse da tabaran wani yaro mai ƙiba da su ke kira Figi, don in jirgin ruwa ya gifta ya hangi hayaƙi. Ana nan sai ƙananan cikinsu suka fara tsoron wai akwai dodo a tsibirin. Wani yaro Jak, shugaban mafarauta, wanda ya nemi sarautar bai samu ba, ya ware da mutanensa, suka shafe fuskokinsu da ƙasa da gawayi, suka soke kan alade a sanda suka bar wa dodo. Wani yaro mai zurfin tunani, Siman, ya hau dutsen ya tarar dodon nan gawar wani sojan sama ce, wanda ya faɗo da laimar sauka. Ya gangaro da dare zai faɗa musu, suka auka masa cikin rawa suka kashe shi. Daga baya wani Roja ya mirgino dutse ya kashe Figi, katantanwar ta farfashe. Suka sa wa dajin wuta suna farautar Ralf, har ya faɗi a bakin teku gaban wani hafsan sojan ruwa, wanda hayaƙin ya jawo jirginsa.

To, masu zancen dabba su kan ce, "Ka gani ko? 'Ya'yan Turawa ne, masu tarbiyya, waɗansunsu ma mawaƙan coci, amma da aka ɗauke musu bulala, dubi abin da suka zama." Kuma don kada mu ci amanar gaskiya, mun sani shi Golding kansa ya karkata wajen cewa aibin jama'a daga aibin halin ɗan Adam ya ke tasowa. Ba mu musa cewa akwai mugunta cikin zuciya ba. Wanda ya yi karatun allo da wanda ya yi na Lahadi duk sun san labarin 'ya'yan Adamu biyu, yadda hassada ta sa ɗaya ya kashe ɗan'uwansa tun duniya ba ta da kurkuku. Amma ku lura, su biyu ne, uba ɗaya, ɗaya ya kashe, ɗaya aka kashe. Don me za a ce hali na mai kisan shi ne ainihin mutum, na ɗan'uwansa kuwa shafe ne?

A SAKE BUƊE LITTAFIN

Sau da yawa labari ya kan fi mai shi hankali. Wanda ya bi wannan littafi shafi shafi zai ga zaman lafiyar tsibirin bai rushe dare ɗaya ba, tsani aka kafa, aka sauka mataki mataki, kuma ko wane mataki akwai mai taka shi.

Matakin fari laƙabi ne. Sunan nan Figi ma'anarsa ɗan alade. Yaron da kansa ya gaya wa Ralf a asirce cewa haka a ke tsokanarsa a makaranta, ya roƙe shi kada ya faɗa. Ralf ya faɗa a gaban taro, kowa ya bushe da dariya. Har littafin ya ƙare mai karatu ba ya jin sunansa na yanka. Wanda aka ƙwace wa suna, ran da aka zo ƙwace ransa ba a jin nauyi ƙwarai.

Na biyu, laifi ba hukunci. Mafarauta suka bar wuta ta mutu don neman nama, a ranar kuwa jirgi ya gifta ya wuce. Da Figi ya yi magana, Jak ya buge shi har idon tabaransa guda ya fashe. Aka ci nama, maganar ta bi ruwa. Tun daga ran nan kowa ya gane doka ba ta da haƙori.

Na uku, tsoro ya sami mai kiwonsa. Tsoron dodo mafarkin yara ne kurum, da an bar shi da ya wuce. Amma Jak ya ga kasuwa, ya ce ku biyo ni in ba ku nama in kuma tsare ku. Ran da aka tabbata babu dodo, sarautarsa ta ƙare, saboda haka dodo ba shi da ranar mutuwa.

Na huɗu, ɓad da kama. Sai da suka rufe fuskokinsu kana suka iya aikata abin da suka aikata. Wannan kaɗai ya isa hujja a kan masu zancen dabba. Kura ba ta rufe fuska in za ta ci akuya, gama ba ta da kunyar da za ta ɓoye. Mai neman abin rufe fuska ya san abin da zai yi mugu ne.

Na biyar, wanda ya fi ciwo, shirun masu hankali. Daren da aka kashe Siman, Ralf da Figi suna wurin, kwaɗayin nama ya kai su. Da gari ya waye Ralf ya so ya kira abin da sunansa, Figi ya nace wai tsautsayi ne.

Sun fi son kafa hujja da Roja. Tun farkon labari an nuna shi yana jifan wani ƙaramin yaro da duwatsu, amma yana kuskurewa da gangan, don tunawa da iyaye da makaranta da 'yan sanda tana riƙe da hannunsa. Su ce to, ga shi, tsoro kaɗai ke hana mutum. Mu kuwa muna tambaya, Roja nawa ne a tsibirin? Ɗaya ne cikin yara masu yawa. Ko wace unguwa tana da Rojanta, ko wane aji ma. Hannunsa bai saku ba sai da mai neman mulki ya jawo shi a jiki ya ba shi matsayi. Sauran yaran, waɗansu nama ya ja su, waɗansu tsoro, tagwayen da suka tsaya tare da Ralf kuwa sai da aka azabtar da su kana suka bi.

Kada kuma ku manta da ƙarshen. Hafsan da ya cece su ya ji kunya a ce 'ya'yan Ingila sun yi haka, ga shi kuwa daga jirgin yaƙi ya sauko. Yaƙin manya ya jefa su tsibirin, gawar sojan manya ita ce dodonsu. Yaran ba su ƙaga kome ba, abin da suka gani a gida suka kwaikwaya. Mu nan Arewa ba mu bukatar a yi mana bayanin wannan. A 1906, bayan tawayen Satiru kusa da Sakkwato, rundunar da ta zo da sunan doka da oda ita ta shafe garin, har yau kufai ne. Masu kaki da tuta da takarda suka yi, babu wanda ya shafa gawayi a fuska.

TSIBIRI NA GASKE

Littafin Golding ƙage ne, amma abin ya taɓa faruwa a zahiri. Cikin watan Yuni na 1965 waɗansu yara shida 'yan makarantar kwana ta mishan a ƙasar Tonga, can cikin tekun Fasifik, suka gaji da makaranta, suka ɗauki jirgin wani masunci suka shiga teku. Hadari ya lalata jirgin, suka yi kwana 8 ruwa na yawo da su, har ya kai su wani tsibiri mai duwatsu da a ke kira Ata, inda babu mutum. Wata 15 suka yi a can. Suka raba aiki biyu biyu, suka yi lambu, suka tara ruwan sama, suka hura wuta suka riƙe ta ba ta mutu ba. Safe da maraice su kan yi waƙa da addu'a tare. In biyu sun yi faɗa, sai a raba su, kowa ya tafi wani gefe har zuciya ta huce, kana a dawo a shirya. Ɗayansu ya faɗi ya karye a ƙafa, suka ɗaure masa da itace, suka ɗauke masa aikinsa har ya warke. A watan Satumba na 1966 wani mai jirgi mutumin Ostareliya, Peter Warner, ya tsince su, su shida cif, duk da rai.

Ba mu ce wannan ya nuna ɗan Adam mala'ika ne ba. Abokai shida ba daidai su ke da taron da bai san juna ba. Amma an janye musu ɗan sanda da alƙali da malami fiye da shekara, ba kwana uku ba, ba su kuwa ci juna ba. Ƙagaggen tsibiri ya zagaye makarantun duniya, na gasken kuwa sai da wani marubucin ƙasar Holan, Rutger Bregman, ya tono shi cikin littafinsa na 2019 kafin yawancin mutane su ji. Labarin ɓarna ya fi saurin tafiya, shi ke nan.

MU DAWO GIDA

Yanzu sai hujjarsu ta biyu, watau garinmu. Kaduna ba ta da ganuwa, ba ta da tsohon gidan sarauta irin na Kano ko Zazzau. Gwamna Lugga ya zaɓi wurin a 1913, aka taso da hedkwata daga Zungeru a 1917. Jirgin ƙasa da bariki da ofisoshi suka tara mutane daga ko'ina, Bahaushe da Bagwari da Banufe da Bakataf da Bajju da Bayarabe da Ibo da Tibi. Da aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957, aka bi ta da waɗansu, sai dubban ma'aikata suka riƙa shiga ƙofa ɗaya da ƙarar jiniya ɗaya. Gidan haya guda, ɗaki na mai zuwa masallaci, ɗaki na mai zuwa coci, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ku tambayi iyayenku wa ke kawo musu shinkafar Kirsimeti, wa su ke kai wa naman layya.

Ran Litinin 21 ga Fabrairu 2000, ana cikin gardamar kafa shari'ar Musulunci a jihar, bayan Zamfara ta kafa, Kiristoci suka fito jerin gwano na ƙin yarda. Kafin rana ta faɗi gari ya kama da wuta. Aka yi kwanaki ana kisa, aka sake a watan Mayu. Kwamitin binciken da gwamnatin jiha ta naɗa ya ƙirga gawa 1,295, waɗansu masu bincike suka ce adadin ya wuce 2,000. A Nuwamban 2002 aka koma, saboda wani rubutu da jaridar ThisDay ta buga kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, wanda ya taɓa martabar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wajen mutum 250 suka halaka. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka kashe fiye da mutum 800 a jihohin Arewa cikin kwana uku, mafi yawansu a jihar Kaduna. Musulmi sun kashe, an kashe su. Kirista sun kashe, an kashe su. Daga nan mutane suka yi ta sayar da gidaje suna ƙetare kogi, Musulmi suka taru a Rigasa da Tudun Wada da Kawo da sauran unguwannin arewa, Kirista suka koma Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Romi. Kogin da a ke ƙetarewa zuwa aiki ya zama iyaka.

Wannan duk gaskiya ne, ba mu rage kome ba. Amma shin aikin dabba ne? An ce sunan garin nan daga kadduna ya samo asali. To, kada ya taɓa tare mutum a bakin ruwa ya tambaye shi sunansa? Ya taɓa cewa karanta kaza in ji, kafin ya kama? Dabba ba ta sayen fetur, ba ta kafa shinge a kan titi, ba ta tsallake gida uku ta ƙone na huɗu don ta san mai shi. Waɗannan duka aikin hankali ne da lissafi. Dubi na 2002 ma. Rubutun ya fito ran Asabar 16 ga wata, ba a ƙone ofishin jaridar a Kaduna ba sai ran Laraba 20 ga wata. Fushin dabba ba ya jiran kwana huɗu. Cikin kwanakin nan akwai bakunan da suka yi magana, akwai ƙafafun da suka yi yawo, akwai kuma masu iko da suka ga hadari ya haɗu ba su kwashe shanya ba.

Ku ɗauko tsanin nan na tsibiri ku jingina a bangon Kaduna, za ku ga ya yi daidai. Laƙabi: tun kafin a zare wuƙa an daɗe ana kiran maƙwabci da sunan raini, a kasuwa da mota, har a filin makaranta, kowa na dariya. Tsoro mai kiwo: ko wane ɓangare an gaya masa ɗayan na shirin shafe shi, masu faɗin haka kuwa da shi su ke neman ƙuri'a ko mabiya. Ɓad da kama: taron jama'a shi ne gawayin fuska, mutum ya shige cikin ɗari ya aikata abin da ba zai iya shi kaɗai ba gaban tsohuwar da ta san uwarsa. Laifi ba hukunci: ƙungiyar Human Rights Watch, cikin rahotonta na 2003, ta koka da cewa waɗanda suka shirya kashe-kashen ba a hukunta su ba, kuma 'yan sanda da soja su ma sun harbe mutane da dama ba bisa ƙa'ida ba. Sa'an nan shirun masu hankali, waɗanda da ƙura ta lafa suka ce ai tsautsayi ne, ai halin ɗan Adam ne. Wannan matakin na ƙarshe, a kansa masu zancen dabba su ke tsaye, ko sun sani ko ba su sani ba.

Akwai kuma lissafin da ba su yi. Garin da ke da mutane fiye da zambar dubu, da kowa dabba ne, wa zai saura ya binne wani? Mafi yawan mutanen Kaduna ba su kashe kowa ba. Cikin kwanakin nan akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakin matansu, akwai Kiristan da suka yi wa Musulmi haka a ƙetaren kogi, ran da babu ɗan sanda, ran da yin haka zai iya cin ran mai gida. Wane shafe ne wannan da wuta ba ta kankare shi ba?

Ku dubi Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye. Dukansu shugabannin samari ne masu zafi. A rikicin 1992, wanda ya taso daga Zangon Kataf ya iso Kaduna, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Kowa ya ƙulla ɗaukar fansa. A 1995 aka haɗa su, suka daɗe suna zargin juna, daga bisani suka kafa cibiyar sulhu tare a nan Kaduna. Da ƙoƙarinsu shugabannin addini 22 suka sa hannu kan takardar zaman lafiya ran 22 ga Agusta 2002. Za a ce mana ai bayan wata uku aka sake faɗa. Haka ne. Manomi ma ya kan yi noma ciyawa ta sake fitowa, ba mu kuwa taɓa jin wanda ya ce saboda haka ciyawa ce ainihin gona, dawa shafe ce ba. Mutum ɗaya ne ya ɗauki makami a 1992 ya ajiye a 1995. Wanne ne ainihinsa? Wanda ya zaɓa.

NAMU LITTATTAFAN

Ba sai mun je Ingila neman wannan darasi ba. Littattafan da suka fito daga gasar da Dokta Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933 sun riga Golding da shekara 20. Ku ɗauki Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Balewa. Zamani ne da a ke kama mutum a sayar kamar tunkiya, amma marubucin bai ce mutane namun daji ne ba. Ya nuna fadawan da hassada ta sa suka yi wa Makau ƙazafi har aka kore shi, ya nuna wanda ya sace yaro, ya nuna waɗanda suka yaudari uwa mai neman ɗanta har ta ƙare a bauta a hannun Larabawa. Cikin wannan duhu kuma ya nuna waɗanda suka tsinci yaron suka riƙe shi da amana, har ya zama malami. Ko wace ɓarna da mai yinta, ko wane alheri da mai yinsa. Ku ɗauki Jiki Magayi na Malam Tafida da East. Mai dukiya ya ƙwace wa saurayi budurwa da ƙarfin kuɗi, saurayi ya sha wahalar duniya don ya rama, ramuwar ta faɗa kan ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba, har ta cinye gidan duka, mai ramuwar ma bai tsira ba. Wanda ya fahimci wannan labari ya fahimci yadda Fabrairu ta haifi Mayu.

Saboda haka ba mu tare da waɗancan kuma, masu cewa a kawar da irin waɗannan littattafai daga hannun yara, a bar musu na dariya da na nasiha kaɗai. Yaron da bai taɓa ganin tsanin a takarda ba, ran da aka kafa shi a ƙofar gidansu ba zai gane ba sai ya kai mataki na huɗu. A karanta, amma da ido biyu.

Ga abin da mu ke roƙonku. Duk littafin da kuka buɗe kuka tarar gari ya rushe, kada ku rufe shi kuna girgiza kai kuna cewa Allah wadan ɗan Adam. Ku yi tambaya uku. Wa ya fara, da wace kalma? Wa ya ci riba? Wa ya ƙi, me kuma ya same shi? In malami ya ba ku jinga ku rubuta darasin Sarkin Ƙudaje, kada ku haddace amsar da ke cewa dabba na kwance cikin kowa ku zuba. Ku rubuta ranar da aka yi wa Figi dariya, ku faɗi abin da Ralf ya kamata ya yi. In kuma Allah ya sa cikinku akwai mai alƙalami, to, labarin Kaduna yana jiransa. Ya rubuta wanda ya sayi fetur, ya rubuta wanda ya buɗe ƙofa, kada ya ɓoye ko ɗaya don na gidansu ne.

Abu na ƙarshe. Yawancinku an haife ku bayan an raba gari, har akwai wanda ya kai aji shida bai taɓa cin abinci a gidan da ba na addininsa ba. Wannan shi ne tsibirinku, kuma ba ku kuka zaɓe shi ba, manya suka jefa ku. Dodon da a ke ba ku labari yana ƙetaren kogi, ku hau dutsen ku duba kamar yadda Siman ya yi. Za ku tarar ɗan makaranta ne kamarku, yana fama da lissafi, shi ma an gaya masa ku ne dodo. Ku tambaye shi sunansa na yanka, ku kira shi da shi. In kuka ji wani a ajinku ya jefi ɗan'uwansa da sunan raini, kada ku taya dariya, gama ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, wuta kuma tun tana ƙarama a ke taka ta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya shiryi waɗanda suka yi, ya ba ku ilmi mai amfani da zuciyar da za ta iya cewa a'a cikin taro. Amin.